Sunayen da Na Laƙaba wa Mazan Tururuwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Auta, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya, Ya ba ka sauƙin ciwon bayan nan da aka ce ya hana ka doguwar tafiya a mota, Ya kuma sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Yaya Babba ya samu sauƙin ƙafarsa har ya koma fita da sanda, bakinsa kuwa yana nan yadda ka san shi. Shekaranjiya sai da ya tsare mai gyaran famfo awa guda yana koya masa ɗaura bututu, shi da bai taɓa riƙe sifana ba tun da aka haife shi. Ƙaramar 'yarsa ta sauka lafiya, an samu mace, uwa da jaririya duk suna nan kalau. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni a zamanin da kowa ke danna waya, za kuma ka yi mamakin wannan rubutu ɓaro-ɓaro kamar na 'yan aji ɗaya. Sau biyu ina ɗaukar waya da niyyar in faɗa maka abin da ke raina, da na ji muryarka sai in kama zancen ciwon baya. Takarda ba ta katse mutum, shi ya sa na zaɓe ta.

Maganar 'yarka ce, takwarata, wadda ka ba ni amanarta shekara huɗu da suka wuce da ta zo karatu. Ka ce ta tattara kayanta ta dawo gida ƙarshen watan nan ta kama aikin da ka samo mata a ofishin abokinka, tunda an soke mata babi guda a kundin digirinta an ce sai ta ƙara shekara. Ka ce sakaci ta yi, ka ce ta zubar maka da mutunci. Akwatinta yana nan a buɗe a tsakar ɗaki, kullum tana ninke kaya tana zubawa. To Auta, ka zauna da kyau ka karanta. Takwara ba ta yi sakaci ba. Ni na rushe mata aikin, ni yayarka, kuma na yi shiru na bar ta tana ɗauke da laifin har tsawon wata guda.

Dole in ɗan yi maka bayanin aikin, ko da yake shekara talatin da ɗaya da na yi ina kula da ɗakin ajiyar ƙwari na jami'a, kai ba ka taɓa kiran sa da komai ba sai kiwon matattu. Tururuwar da take nazari ita ce manyan nan baƙaƙe masu rarake katako su yi gida a ciki. Ba cin katakon suke yi ba, sassaƙe shi suke yi su turo garin waje, shi ya sa wani lokaci za ka ga ɗan tsibin gari a gindin ƙyaure ko ƙarƙashin tsohon benci. Irinsu suna da yawa, kowane iri da sunansa a littafi. Amma duk sunayen nan a kan ma'aikata aka ɗora su, wato marasa fiffiken nan da kake gani suna kai da komo. Namijin wani abu ne daban: siriri, ƙaramin kai, manyan idanu, ga fiffike, in ka gan shi sai ka ɗauka ɗan zanzaro ne. Ba ya aikin komai, zaune yake ana ciyar da shi har ruwan farko ya sauka, ya tashi sama ya yi abin da aka halicce shi dominsa, ya mutu. Na sha gaya maka akwai masu kama da shi a cikin mazan gidanmu, ban dai kama suna ba. Abin da ke ba mu wahala shi ne mazan iri daban-daban duk kamarsu ɗaya. Don haka akwai durowoyi cike da maza a ɗakin ajiyar nan, an soke su da fil an jera, ba wanda ya san ɗan gidan wane ne. Aikin Takwara ke nan, ta haɗa kowane namiji da irinsa, don waɗanda za su zo bayanta su huta.

Hanyar yin haka biyu ce. Ko dai ka samo gidan tun mazan ba su tashi ba, ka kamo su tare da ma'aikatan gidan, ma'aikatan su zama shaida a kan sunan. Ko kuma ka sa namijin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ka ƙirga 'yan gasun da ke kumatunsa da ƙahonsa, ka buɗe ƙarshen jikinsa da tsinin allura ka duba. Ba ɗalibin da ya ratsa ta hannuna da bai ji wannan daga bakina ba. Na sha korar yara da hoto a hannu, in ce musu hoto na bango ne, su je su kawo mini ƙwaron. Har suna suka sa mini a bayan idona, wai Hajiya Kawo-Ƙwaron, ina kuma jin daɗin sunan ko da ina nuna ban sani ba.

Ga abin da na daɗe ina ɓoye wa kowa. Shekara uku ke nan da idona ya fara juya mini baya. Duk abin da na kalla kai tsaye, tsakiyarsa sai ta dushe kamar an shafa mai a gilashi, gefe-gefe kawai nake gani. Likitan ido ya ce tabarau ba zai yi maganinsa ba, iyakar abin da za a iya shi ne a rage masa gudu. Ritayar nan da na yi da wuri na ce muku gajiya ce, to ba ita ba ce. Na zauna gaban madubi wata safiya na nemi gashin kumatun tururuwa na rasa, na goge madubin sau uku, sannan na gane ba shi ne ya yi datti ba. Daga nan na koyi ɓoyo. Na haddace matakalar bene, na koma gane mutane da muryarsu da takunsu, in aka miƙo mini takarda in ce na manta tabarau a ɗaki. Waya ce kawai ta rage mini, domin in na buɗe hoto na ja shi da yatsu biyu ya yi girma, na karkata ta gefe, ina iya ganin siffa da launi. Gashi kam ba na gani ko ɗaya.

A daminar bara Takwara ta sha yawo, gida huɗu kacal ta samu da maza da ma'aikata a tare. Mazan da suka tashi kuwa ba iyaka, da safe za ka tarar da su zube a bakin taga da barandar azuzuwa, ta tsinto fiye da sittin. Lokaci yana ƙure mata. Wata Asabar da hantsi sai ga ta ta shigo da akwatin mazan a hannu, ga madubin da ta aro daga sashensu ta rungumo shi a cinya cikin tasi. Ta share teburin falo, ta jona fitila, ta daidaita mini kujera har da matashi saboda bayana. Ta ce tun tana yarinya take jiran ranar da za mu zauna gaban madubi ɗaya ni da ita. Auta, da na buɗe baki a lokacin na ce 'yata ba na gani, da kalma uku sun raba mu da duk wannan. Sai na ɗaure fuska na ce ta kwashe mini wannan tarkacen daga kan tebur, ni na wuce zaman madubi, wanda ya shekara talatin da ɗaya da su ko a hoto ya san su. Na ce ta ɗauki hoton kowanne ta turo mini. Ta ce to, ta naɗe wayar fitilar a hankali ta mayar da madubin cikin akwatinsa.

Haka muka yi ta yi kusan wata biyu. Ta turo hoto, in ja shi in karkata, in duba duhun jikin da tsawon fiffiken, in tambaye ta inda ta tsince shi, in laluba cikin abin da na haddace in ba ta suna. Cinta ce kawai nake yi, amma da muryar wadda ba a yi mata gardama. Ita kuma ta rubuta sunan a 'yar takarda ta soke a ƙarƙashin ƙwaron. Sau ɗaya ta ce mini wasu guda tara da na haɗa a suna ɗaya, ita tana ganin kamar gashin kumatunsu ya bambanta. Na ce mata ƙura ce, na kuma ƙara da cewa yaran yanzu in suka yi wata uku a gaban madubi sai su fara gyara wa iyayensu zance. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na ƙyauren sito. Akwai wani tsohon ɗakin ajiyar kujeru a bayan sashensu, ƙyaurensa na katako ne ya ruɓe daga ƙasa. Wata safiya ta ga garin katako a gindinsa, ga maza uku suna leƙowa daga tsaga. Gidan yana ciki ke nan, da ma'aikatansa da komai, irin abin da take nema ido rufe. Amma kafin ta ɓalle katakon sai ta samu izini daga mai kula da gine-gine, abin da zai ci mata kwana uku na hawa da sauka a ofisoshi, ga shi tana da fita daji a makon. Ta kamo namiji ɗaya, ta turo mini hotonsa, ta kira ni tana haki don murna, ta tambaye ni ko ta fasa tafiyar ta tsaya a kan wannan. Na duba hoton, na ga baƙi ne, na ga girmansa daidai da na irin da ya fi yawa a ko'ina. Na ce mata gama-gari ne, muna da durowa guda cike da irinsa, kada ta ɓata lokacinta. Ta tafi dajin. Kafin ta dawo kafintoci sun cire ƙyauren sun sa na ƙarfe, tsohon an faskara shi an kwashe, ba wanda ya san inda aka kai.

Ranar kare kundin ina zauren, a kujerar baya kusa da ƙofa, na sha ado kamar ni za a yaba. Cikin masu jarrabawar akwai wata farfesa da aka gayyato daga wata jami'a, 'yar tsohuwa mai sanyin murya, wadda ta nemi a aika mata akwatin mazan tun mako biyu kafin ranar. Ta yabi babi uku na farko sosai, ta ce aikin gidaje huɗun nan ba abin gyara a cikinsa. Sannan ta ce ta zauna da mazan ɗaya bayan ɗaya a gaban madubi. Taran nan da aka haɗa a suna ɗaya, iri uku ne. Kusan rabin sauran sunayen ba su tsaya ba. Na ƙyauren sito kuwa, ta ce ta buɗe shi ta duba, bai yi kama da namijin kowane iri da ta sani ba, mai yiwuwa na wani iri ne da ba a taɓa bayyana namijinsa ba, kuma da an zo da ma'aikatan gidan da shi kaɗai ya isa a san sunan yarinyar nan a fagen. Ta tambayi ina ma'aikatan. Takwara ta ce ba ta kamo ba. Ta sake tambaya, ba da faɗa ba, wa ya sa waɗannan sunaye, kuma ta wace hanya. Takwara ba ta ko waiwayo inda nake ba. Ta ce ita ta sa, daga hotuna, kuma ta yarda kuskure ne. Ina zaune, Auta. Ƙafata lafiya lau, bakina lafiya lau, ban miƙe ba. Na sunkuyar da kai ina ta gyara bakin mayafina har aka tashi.

Bayan kwana huɗu ka kira ni ranka a ɓace, ka tuna. Ka ce ba ka tura ta ta je ta yi wasa ba, ka ce ga ta a gidan gwanar abin amma ta kasa tambaya saboda girman kai. Na ce maka sai haƙuri, yaran yanzu ne. Wannan kalmar ita ce ta hana ni sukuni tun daga ranar. Ƙaryar da na yi wa Takwara tsoro ne ya sa ni, ina iya cewa haka in Allah Ya tambaye ni. Wadda na yi maka kuwa ban san me zan kira ta ba. Ina jin kunyarta fiye da yadda zan iya rubutawa.

Makon jiya na je na samu malamin da ke duba aikinta. Yaro ne da na koya wa riƙon fil da hannuna, yanzu ya zama Dokta har da furfura. Na zauna a ofishinsa na faɗa masa komai, tun daga idon har zuwa ƙyauren. Da na gama ya ce hukuncin masu jarrabawa ba zai canja ba, domin ɗalibi shi ke da alhakin abin da ya sa hannu a kai, amma zai rubuta wa farfesar gaskiyar abin da ya faru. Ya ce ƙarin shekarar da aka ba ta ba kora ba ce, dama ce, kuma farfesar da kanta ta ce tana so ta ga aikin idan an kammala. Sai dai dole Takwara ta sabunta rajistarta kafin ƙarshen watan nan, in ba haka ba gurbin ya tafi. Ruwan farko kuma bai fi mako shida ba, in ya wuce ta sai wata shekarar.

Da na dawo na same ta a ɗaki tana ninke kaya. Na zauna a bakin gado na faɗa mata abin da ya kamata in faɗa tun ranar da ta rungumo madubi. Ban yi zaton tana da abin da za ta ba ni mamaki da shi ba, sai ta ce ta daɗe da sani. Ta ce ta lura da yadda nake karkata waya, da yadda nake laluben bakin kofi da yatsa kafin in zuba shayi. Ta ce sau da yawa ta yi niyyar ta zauna ta binciki sunayen da kanta a ɓoye, sai ta ji kamar yin haka daidai yake da ta tsaya gabana ta ce Gwaggo ba ki gani, ita kuma ba za ta iya zama mutum na farko da zai faɗa ba. Ta yi ta gaya wa kanta cewa ko da rabin ido na fi ta sani. Don haka, in ji ta, da ta ce wa masu jarrabawa laifinta ne ba ƙarya ta yi ba. Ka ji irin 'yar da ka haifa. Ni ina ɓoye makantata don kada ta raina ni, ita tana ɓoye saninta don kada in ji kunya, muka taru muka kashe aikin shekara guda. Muka yi kuka mai isarmu. Sannan ta roƙe ni kada in gaya maka, wai gara ka ci gaba da fushi da ita da ka ji yayarka ta faɗi a idonka. Ta ce ba za ta yi maka musu ba, in ka ce ta dawo za ta dawo. Ban yi mata alkawari ba, kuma ba ta san ina rubuta wannan ba. Sai ta fita nake ɗauko takardar, shi ya sa ta ci mini kwana biyar.

Abin da nake roƙonka ɗaya ne, kuma ban saba roƙonka ba, ni da na goye ka. Ka bar ta ta yi daminar nan. Fushin da ke ranka ka juyo da shi kaina, na cancance shi, ko shekara za ka yi ba ka gaishe ni ba ba zan ce ka yi laifi ba. Ƙyauren sito ya tafi, ba zan iya dawo mata da shi ba, kuma mai yiwuwa ba za ta sake samun irin wannan namijin ba har ta gama. Wannan zan mutu da shi a raina. Amma akwai abin da ya rage mini. Na san irin katakon da suke so, ina gane garinsu in na murza shi a yatsa, in na ƙwanƙwasa gungume na kara kunne ina jin motsinsu a ciki tun kafin mai ido ya ga komai. Zan bi ta duk inda za ta, in riƙe mata kwalabe, in nuna mata inda za ta sa kurfi ta ɓalle katakon. Madubi nata ne, suna kuma ita za ta sa, ko an tambaye ni zan ce ban sani ba.

Ka gaishe mini da ƙanwata maman yara, ka ce mata ta yafe mini hawayen da na sa 'yarta ta zubar. Ka gai da Likita da matarsa, da 'Yan Biyu, da Ƙaramin Alhaji in ya zo hutu, da surukarka Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya. Yaya Babba da mutanen gidansa suna gaishe ku, shi ma bai san zancen idon ba tukuna, gobe zan je in faɗa masa in sha lacca. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Kada ka ba ni amsa a rubuce, Auta. Ba na iya karanta rubutun kowa yanzu, kuma mai karanta mini ita ce. Ka kira ta.

Taka har kullum,
Yayarka, Gwaggon Takwara.